Littafin janaretan shagonmu: daga duhun Oktoba zuwa bayan Ƙaramar Salla

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau na gama wanke babbar firiza. Sau uku ina bin ta da omo da ruwan zafi da toka, amma in ka sunkuya ka sa kai ciki, tsamin yogot na nan maƙale a robar murfin. Na jingine ta a bayan shago, baki buɗe, ta sha rana.

Shagon namu yana bakin titi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura, tsakanin Ringim da Gujungu. Muna sayar da ruwan leda da lemon kwalba da yogot da ƙanƙara, sai zoɓo da kunun aya da uwargida ke haɗawa a gida. A gefe akwai allon cajin waya da ƙanena ke kula da shi. Duk abin nan da na lissafa, in ka cire wuta, babu shi.

Mun saba da ɗauke wuta ta wuni, mun saba da ta kwana biyu. Wadda ta faro ranar 21 ga Oktoba kuwa daban ce. Layin da ke hauro wa arewa da wuta ta jihar Binuwai ya samu matsala, ga shi dama an lalata na Shiroro zuwa Kaduna, sai kusan duk arewa ta shiga duhu fiye da mako guda. Birni ya riga mu gani. Mu sai shekaranjiya da daddare ƙwai ya kama. Kwana biyun farko ban tayar da hankali ba, don firiza in a cike take kuma ba a buɗe ta, takan riƙe sanyinta wajen kwana biyu. A rana ta huɗu na zubar da yogot, kunun aya ya kumbura goruna, naman sunan maƙwabcinmu da aka ba ni ajiya sai da mata suka kwana suna soya shi.

Wannan duk dukiya ce, Allah zai mayar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne na Baba Malam, limamin masallacinmu. Shekara biyu ke nan yana ajiye allurarsa ta ciwon suga, insulin, a ƙaramin firij ɗina, cikin wani gwangwanin madara. Magani ne da ba ya son zafi, ba a kuma barin sa ya daskare. Rana ta uku ya zo yana dogara sanda, ya ce, "Ɗana, yaya amanata?" Na rasa bakin amsawa. Muka naɗe gwangwanin a jiƙaƙƙen tsumma muka tura gindin randa, washegari na hau babur na kai shi Ringim wurin wani mai shagon magani da ke da sola. A hanyar dawowa na ƙudurta cewa kafin azumi, wanda ake sa ran zai kama farkon Maris, shagon nan zai samu wutar kansa. Littafin nan na buɗe shi ne don in riƙa rubuta abin da aka yi da abin da aka kashe.

Talata, 5 ga Nuwamba

Niyyata in tafi Kano in ɗauko duk janaretan da kuɗina ya kai. Mai wayarin ɗin garinmu, wanda tare muka yi firamare kafin ya tafi birni koyon aiki, shi ya taka min birki. Ya ce, "Malam, ba a sayen takalmi sai an auna ƙafa." Ya zo da wata mita mai baki kamar ƙaguwa, ya sa muka ja firizoji daga bango muna karanta takardar da ke liƙe a bayansu.

Babbar firiza wat 250, ƙaramar 180, firij ɗin Baba 100. Fanka 75, ƙwayaye shida 60 gaba ɗaya, allon caji in ya cika wajen 400, injin liƙe leda 300. Jimla 1,365. In Yaya ta ara min firizarta lokacin azumi, a ƙara 250. Na ce ashe ma ɗan ƙarami ya ishe ni. Sai ya maƙala mitar a wayar babbar firiza, ya ce in zuba ido. Da kwamfireso, wato injin da ke sanyaya firizar, ya tashi, lambar ta yi tsalle ta ninka wajen sau biyar, cikin ƙiftawar ido ta sauko. Ya ce kamar amalanke ne, ƙarfin da shanu ke sawa wajen fizgo shi daga tsaye ya fi na jan sa a hanya nesa ba kusa ba. Wannan fizgar ita ake saya wa janareta, kuma ba a son inji ya wuni da kaya fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Muka tsaya a kan mai wat 2,800 zuwa 3,000.

Mun yi maganar mai shan gas, wato dizal. Ya fi ƙarko, ya fi jure dogon aiki, amma kuɗinsa ya fi ƙarfina, kuma lodin shagona bai kai ya ƙosar da shi ba. Sola kuwa, wadda za ta ɗauki firiza uku har da batir, ko a mafarki ban kai can ba tukuna.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Kasuwar Gujungu. Na sayar da riɗin da na noma bana da rago ɗaya. Uwargida ta ɗauki adashinta ta ɗora min a kai, ta ce, "Maigida, bashi ne fa, zoɓona zai biya ni." Na rubuta shi a matsayin bashi.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Mun yi sammako ni da mai wayarin zuwa Sabon Gari, layin masu kayan wuta na France Road. Da ni kaɗai na je da an sayar min da fenti. Janareta ga su nan jere, ja da rawaya, kowanne an manna masa lamba ƙatuwa a tanki, wani 6500, wani 8800. Abokina ko kallon lambar ba ya yi, sai ya tsuguna ya nemi ɗan ƙarfen da ke gefen inji inda aka rubuta ƙarfin da yake iya riƙewa a dogon aiki da wanda yake kaiwa na ɗan lokaci. Wani da aka rubuta wa 6500 a goshi, a ƙarfen wat 2,500 ne.

Abu na biyu koyil. Akwai na jan ƙarfe, akwai na alminiyom da aka shafa wa launi. Na alminiyom ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi saurin zafi. Ya sa aka kwance murfin baya, ya haska da tocila, ya ɗan kankare bakin waya da farce. Araha ba ta ado. Muka ɗauki na jan ƙarfe, mai na'urar daidaita wuta a ciki, mai tashi da makulli da kuma igiya, tankinsa lita 15. Kafin in ƙirga kuɗi sai da aka zuba mai aka tayar, aka jona masa dutsen guga biyu, mita ta tsaya kusa da bolt 230 ba ta rawa. Naira dubu 465 bayan doguwar tayi, da rasit.

Sauran kaya: makunnin sauya layi da masu aikin ke kira canjoba, waya mai kauri milimita 4 ta jan ƙarfe, sandar at da ake kafawa a ƙasa don ta janye wutar da ta zurare, akwatunan jinkiri guda huɗu masu ɗan tsayar da firiza kafin ta tashi in wuta ta zo, baƙin mai galan ɗaya, filogi biyu, igiyar tayarwa ta ajiya, da ɗan ma'aunin sanyi da na saya musamman don firij ɗin Baba. Waɗannan ƙananan sun ci kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin injin, ban kuwa sa su a lissafina na farko ba.

Laraba, 4 ga Disamba

Janareta na kwance a kwalinsa a ɗakina, mutane sai tambaya suke yaushe za a ji kukansa. Ba zan tayar ba sai ya samu ɗaki.

A nan muka ɗan saɓa da ƙanena. Shi so yake a sa shi a rumfar shago, jikin ƙofa, saboda ɓarayi da kuma ragin waya. Ni kuma ban yarda ba. Hayaƙin da ido ke gani a salansa ba shi ne mai kisa ba. Akwai wata iska a cikinsa da ba ta da launi ba ta da wari, mutum zai fara jin ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Sau nawa muka ji a rediyo an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki saboda janareta? Shi kansa ƙanen nawa a shagon yake kwana wani lokaci. Masana sun ce a nisanta shi da ƙofa da taga aƙalla mita shida, na auna da igiya na ƙara biyu.

Wurin da muka zaɓa yana bayan shago, gefen darbejiya. Magini ya ɗora bulo biyar-biyar a gefe uku, aka bar ramuka tsakanin bulo don iska ta ratsa, aka rufa da kwano mai tsayi, gaba kuma ƙofar raga ta ƙarfe. A daɓen siminti an dasa zoben rodi na ɗaure sarƙa. Bakin salansa mun juya shi fili, don tagar ɗakin tsohuwar maƙwabcinmu na gabas, masallaci kuma na kudu. Na je da kaina na gaya wa maƙwabcin da Baba Malam cewa za su riƙa jin ƙara, amma lokacin salla zan kashe. Baba ya ce, "Allah ya sa albarka, ya tsare."

Asabar, 14 ga Disamba

Wayarin ya ci wuni guda. Da yawa a nan abin da suke yi shi ne su haɗa waya mai kai biyu, su cusa ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin bango. Na tambayi abokina me ya hana mu yin haka mu huta. Ya ajiye filaya ya dube ni sosai. Ya ce in aka manta ba a raba gida da layin gwamnati ba, wutar janareta komawa take ta bi waya har tiransifoma, ita kuma tiransifoma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauko da wuta daga dubbai zuwa 230, haka za ta ɗaga taka daga 230 zuwa dubbai. Ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin layi a mace yake, kai ka kashe shi kana zaune a shago. In kuma aka kawo wuta janareta na jone, koyil ya tafi. Canjoba hannu ɗaya gare ta da mazauni uku, sama layi, tsakiya babu, ƙasa janareta. Ko kana so ba za su haɗu ba.

Sandar at an kafa ta a rami da gawayi da gishiri, aka tuttula ruwa. Ya liƙa wani ɗan ƙwai ja a saman canjoba wanda ke kamawa in an kawo wuta, don kada mu yi ta ƙona fetur alhali wuta ta dawo.

Litinin, 16 ga Disamba

Gwajin farko bai yi daɗi ba. Na zuba baƙin mai har bakin ma'auni, na buɗe fetur, na ja cok, na murɗa makulli, ya tashi lafiya lau, yara na ta tsalle. Murna ta sa na ja canjoba ƙasa komai na jone. Inji ya yi wani gurnani kamar an shaƙe shi, ƙwayaye suka yi ja, birika ta faɗi. Gabana ya faɗi tare da ita.

Laifin nawa ne, an gaya min tun 5 ga Nuwamba. Firiza biyu da firij sun fizga lokaci guda, ga injin liƙe leda a kunne. Muka sake: a bar inji ya yi minti biyu ba kaya, a fara da babbar firiza, in muryarsa ta daidaita a sa ƙaramar, sai firij, sai sauran. Haka ya ɗauke su duka ba gardama. Akwatunan jinkirin ma mun saita su daban-daban, na farko minti uku, na ƙarshe biyar. Amfaninsu biyu ne: ba sa barin firizoji su tashi tare, kuma kwamfireso in ya tsaya yana buƙatar 'yan mintuna kafin a sake tayar da shi, in ba haka ba ya yi ta ƙugi yana zafi.

Juma'a, 27 ga Disamba

Awa 20 ta cika, na juye baƙin mai na farko kamar yadda littafin injin ya ce. Na tara shi a farin kwano na kai rana: yana ƙyalli da ɗan garin ƙarfe. Sabon inji ne ke goge jikinsa. Ɗan kaɗan yake ci, bai kai lita ba. Na rataye littafin awoyi da biro a ƙusa cikin ɗakin janareta.

Lahadi, 19 ga Janairu, 2025

Hazo ya sauko sosai makon nan, ko darbejiyar bayan shago da ƙyar ake hango ta da safe. Jiya muryar inji ta canza, yana hawa yana sauka, baƙin hayaƙi na fita. Na buɗe murfin soson tace iska, na tarar ya koma kamar an tsoma shi a garin ƙasa. Na wanke da ruwan omo, na shanya ya bushe ƙarau, na ɗiga masa baƙin mai kaɗan na matse. Murya ta dawo. Littafin da ya zo da injin ba don hunturun Jigawa aka rubuta shi ba, saboda haka na sa wa kaina doka: soso duk kwana uku, baƙin mai duk awa 50.

Ciniki ya ja baya, ba mai neman ruwan sanyi a wannan ɗari. Caji ne ke riƙe da shagon.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wannan shafin shi ne ya fi ba ni wahala, shi ne kuma ya fi amfani.

Tunda kasuwa ta yi sanyi, na ce bari in gwada abin da zan yi da azumi. Na ƙulla ruwa leda 70, kowace wajen kilo ɗaya, na raba a firiza biyu, na riƙa tayar da janareta ina rubuta awoyi. Sai da ya yi awa 18 kafin su zama dutse har ciki. Fetur kusan lita ɗaya yake sha a awa, ya ɗan haura in lodi ya cika. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita take hawa, a Oktoban bara ta haye naira dubu. Ke nan na ƙona man kusan dubu 19 don in samu ƙanƙarar da in na sayar a 150 za ta ba ni dubu 10 da ɗari biyar. Na sake lissafin sau uku, bai canza ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba, don ƙanƙara ce na ɗora wa buri tun farko.

Ƙanena, wanda ke ajin ƙarshe na sakandare yana karanta kimiyya, shi ya warware min. Ya ce sanyaya ruwa abu ne mai sauƙi, daskarar da shi ne aiki. Ruwan da ya riga ya sauko sifili, kafin ya zama ƙanƙara sai an zare masa zafi daidai da wanda za a zare don sauko da shi daga digiri 80 zuwa sifili. Shi ya sa firiza ke yin awoyi kamar ba ta komai. Zoɓo kuwa daga 30 zuwa 5 kawai yake buƙata, wato bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na aikin ƙanƙara ba. Na gwada washegari: gorunan zoɓo masu yawan wancan ruwa sun yi raɓa cikin awa huɗu da rabi, kuma ribar gora ɗaya ta fi ta ledar ƙanƙara.

To, tsari ya sauya. Da janareta sanyaya abin sha za mu yi da cajin waya. Ƙanƙara sai da wutar layi, ko in farashinta ya tashi har ya biya mai. Sannan ya kawo wata dabara da ta fi komai burge ni: wannan wahalar daskarewa, in ta narke biyan ta take. Muka cika manyan goruna da ruwa, muka bar sarari a wuya don kada su fashe, muka shimfiɗa su a ƙasan kowace firiza. Duk sanda aka kawo wuta su daskare, in an ɗauke su riƙe sanyin. Ba na sayarwa ba ne ko nawa aka taya. A gida muna kiran su rumbu.

Uwargida ma ta gyara nata. Zoɓo ba ya shiga firiza da ɗumi, sai ya kwana ya huce, ruwan haɗi kuma daga randa. Firizoji mun ja su tazarar tafin hannu daga bango, don ta jikinsu suke fitar da zafi. Murfin kaɗai muke rufewa da buhun algarara.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Shekaranjiya mai ya yanke min da yamma, na aiki yaro ya sayo galan a bakin hanya. Inji ya yi minti goma ya fara tari ya mutu. Bakanike ya kwance ɗan kofin da ke ƙasan kafireta ya juye a farar kwalba, ya ɗaga min: fetur a sama, ruwa kwance a ƙasa kamar idon kifi. Sai da aka juye tanki gaba ɗaya. Daga yau a gidan mai nake saye, jarka biyu duk zuwa Ringim, in tace da kyalle a mazurari. Jarkunan suna wani ɗan ɗaki daban, nesa da janareta da murhu. Ba a ƙara mai inji na aiki ko yana da zafi, na faɗa wa ƙanena har ya gaji da ji.

Yau kuma na kashe layi da gangan na koma gefe na zauna, na ce ya yi komai shi kaɗai, daga duba baƙin mai har jan canjoba. Ya manta cire kaya kafin ya kashe inji. Muka maimaita sau uku. Na rubuta matakan da babban rubutu a kwali na liƙa a bango, uwargida ma ta zo ta koya, don ranar kasuwa ba ma nan.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan 1446

An ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar jiya da daddare. Firizar Yaya ta iso a amalanke, mun bar ta ta huta wuni kafin a jona. Tsarin awoyi: daga bayan asuba zuwa tara, sa'ad da gari ke da sanyi inji ma ya fi sakewa, daga bayan azahar zuwa gab da magariba, a kashe don la'asar, sai awa biyu bayan tarawihi saboda masu caji. Fetur ya ɗan sauko ƙasa da dubu, alhamdu lillahi. Zoɓo ya ƙare tun kafin a kira salla.

Laraba, 12 ga Maris

Kwana huɗu ke nan ba wuta, an ce tiransifomarmu ce. Zafi ya fara da gaske. Wannan ne gwajin da nake jira tun Oktoba.

Jiya ƙarfe uku da rabi, mutane sun fara ajiye kuloli a layi, sai inji ya yi shiru kamar an ɗauke masa numfashi. Makulli ya juya, ya tashi, ya sake mutuwa. Akwai mai, filogi na ba da wuta. Na kira bakanike yana Gujungu, ya ce, "Alhaji, duba baƙin mai." Na zare ma'auni, da ƙyar ya taɓa bakinsa. Zafi da dogon aiki sun sa ya sha, na'urar da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa ita ta tsayar da shi. Wani cikin masu jira ya ce a cire wayarta kawai, haka kowa ke yi, inji ya yi ta aiki. Na ce a'a. Da ba don ita ba da yanzu ina neman kuɗin sabon inji. Na bari ya huce, na juye na zuba sabo, kafin ƙarfe huɗu da kwata ya tashi. Na duba littafi, na tarar na wuce awa 50 da awa tara. Hidimar azumi ta sha kaina. Yanzu duk asuba kafin a murɗa makulli sai an zare ma'auni.

Rumbu ya yi aikinsa. Duk tsawon tsayawar nan, da daren da inji ke kashe, goruna ba su narke rabi ba. Firij ɗin Baba na sa masa gora biyu a can ƙasa, nesa da gwangwanin don kada maganin ya daskare. Sau uku a rana nake leƙa ma'auni: tsakanin 4 da 7 yake yawo, bai taɓa haura 8 ba. Yau da safe Baba ya aiko jikansa ɗaukar kwalba ɗaya, na miƙa masa ita da sanyinta a tafin hannuna.

Ƙanƙara ta yi tsada a gari har ta kai a yi ta da fetur, na ware ƙaramar firiza don ita. Leda goma nake cirewa kullum a kai masallaci don buɗa-baki.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Salla ranar Lahadi, 30 ga Maris, azumi 29. Sai yau na samu zama da littafi. Awoyin janareta tun 16 ga Disamba sun kama 352, fiye da rabi a cikin azumi. Bayan cire kuɗin fetur da baƙin mai da ladan bakanike, abin da ya rage ya biya uwargida adashinta cif, na ƙirga mata a hannu jiya, ya kuma maido da kuɗin ragon. Na riɗi da saura. Babu abin da ya lalace a firiza ko na naira ɗaya.

Aikin da ke gaba: bakanike zai zo Talata ya daidaita bawul ya wanke kafireta. Daɓen ɗakin janareta ya yi ƙasa, in damina ta sauka ruwan bayan shago ta nan yake bi, dole a ɗaga shi da bulo ɗaya kafin Yuni, a kuma ƙara wa kwanon baki ta gabas inda ruwa ke bugowa. Na tambayi abokina kuɗin faifan sola biyu da batir ɗaya da za su riƙe firij ɗin Baba da ƙwayaye kaɗai, don inji ya riƙa kwana a kashe. Ya ce zai kawo min lissafi in ya dawo daga Kano. Gobe Lahadi zan shiga Gujungu in sayo siminti buhu ɗaya.